Tambaya da Amsa: Murfin akwatin iska na ƙaramin jirgi, ta ina ruwa ke shiga?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon wasiƙun da na ware duk a kan ƙaramin jirgin katako ne mai tahiya da iska, irin wanda mutum ke haɗawa a gida, abin dariya a Maradi, garin da gulbinsa ma sai da damina yake gudu. To amma tabkin Madarunfa na nan kusa da mu ta kudu, kuma tambayoyin na hankali ne, don haka bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni kafinta ne a Bagalam, na daɗe ina haɗa ɗan jirgi na filawud tsawon mita 3 da rabi, mai sanda a tsakiya da zanen da iska ke turawa, a intanet na ga yadda ake yi. Niyyata in kai shi Madarunfa in ruwa ya cika. Gaba da baya akwai akwati rufaffe wanda anka ce iska kawai za a bari ciki don ko ya kife kar ya nutse. Wani ɗan uwana ya aiko min murfi biyu na roba masu zagaye daga Kwatano, irin na murɗawa. To ina tsoron in huda akwatin in ɓata aikina. Silikon ɗin da muke sa ma gilashin taga ya isa? Kuma wai dole ne sai an sa murfin? Kafinta, Bagalam.

Amsa: Sannu da ƙoƙari maigida. Eh dole ne, domin akwatin da ba ka iya leƙawa cikinsa ba ka san abin da ke faruwa ba, laima na taruwa, katako na ruɓewa daga ciki, gara ma na iya shiga lokacin da jirgin ke ajiye a tsakar gida, kai kuma kana ganin fenti na ƙyalli a waje kana murna. Amma tsoronka ma daidai ne. Kowace lita guda ta iska da ka kulle tana ɗaukar nauyin kusan kilo guda a kan ruwa, akwati mai lita 60 kusan kilo 60 ke nan, kuma ramin da za ka yanka a jikinsa shi ne wuri mahi rauni. Saboda haka ka yi shi daidai shigar hannu kawai. Mai faɗin santimita 15 ya wadatar, na santimita 10 hannun babba da ƙyar yake wucewa balle da soso a riƙe.

Wurin sawa tukuna. Ka zaɓi inda katakon ya miƙe sumul babu lanƙwasa, a sama ko a bangon akwatin daga can sama, kusa da tsakiyar jirgi, inda ko jirgin ya kwanta a gehe ruwa ba zai rufe shi ba. Kar ka sa inda ake takawa ko zama. In ka ɗaura zoben murfin a wuri mai lanƙwasa zai murguɗe, zaren ya riƙa cijewa, robar da ke toshe tsakanin murfi da zoben ta danne a gehe biyu ta bar gehe biyu, daga nan ko wane irin gam ka zuba aikin banza ne.

Ka kifa zoben a kan katakon ka zana da fensir daga jikinsa, kar ka dogara da awon da anka rubuta a kwali. Ka yanka ramin ya ɗan hi zoben da milimita 1 ko 2, ya shiga ba tare da dannawa ba. Yanzu ga inda yawancin mutane ke yin ganganci, suna gama yanka sai su kama shafa gam. A'a. Bakin filawud da ka yanka a buɗe yake, hawa-hawan katakon duk sun bayyana, ta nan yake shan ruwa ya kumbura ya ɓare. Ka goge shi da sanfefa ka shafa mishi ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake kwaɓawa tare ya taurare, sau 2 ko 3 har ka ga ya daina tsotsewa ya yi santsi. Ifoksi mai jinkirin bushewa nake nufi, na minti 5 ɗin nan bai jure zama cikin ruwa kamar shi. Kuma ka kwaɓa kaɗan-kaɗan bisa awon da kamfanin ya rubuta, wani 2 da 1 ne wani 5 da 1, ba a ƙara na taurarawa wai don ya yi sauri, ɓacewa yake. A zahin Maradi in ka kwaɓa da yawa a gwangwani guda zai ɗau zahi da kansa ya daskare kana kallo, har hayaƙi yana iya yi. Da la'asar sakaliya ya hi, lokacin da katako ya fara hucewa, don in shina ɗaukar zahi iskar cikinsa hitowa take ta bar ƙananan ramuka a jikin shafen.

In filawud ɗinka na milimita 6 ne to ya yi siriri ga bulon, ka yanka zobe na filawud mai faɗin yatsa biyu zuwa uku ka manna daga ciki ya ƙara kauri. Tunda ka riga ka rufe akwatin, raba zoben biyu ka shigar da rabi-rabi ta ramin, ka kama su da matsi har su bushe.

Sai ramukan bulon, su ne ɓarayin gaske. Ruwa ya hi bi ta nan a kan ta bakin murfi. In bulon ɗinka na milimita 4 ne, huda ramin milimita 8, toshe ƙasansa da salatef, cika shi da ifoksi da ka kwaɓa da garin katako mai laushi na sanfefa, ka bari ya kwana, gobe ka sake huda na 4 da rabi a tsakiyar wannan cikon. Ka ga yanzu bulon na ratsa ifoksi ne, bai taɓa katako ko kaɗan. Aikin ƙarin yini guda ne, na sani, kuma kafintocinmu akwai son a gama yau a karɓi kuɗi, amma wannan jirginka ne kai za ka hau. Ka ɗan wasa bakin kowane rami ya yi kamar ƙaramin mazurari don gam ya taru nan ya zagaye wuyan bulon. Bulon ɗin ya zama na inoks, wato ƙarhen da ba ya tsatsa, da washa da noti daga ciki. Ƙusar murɗi ta baƙin ƙarhe damina guda za ta yi tsatsa ta baƙanta katakon ta saki.

To silikon. Na taga da na banɗaki, wanda ke warin tsami in an matso shi, ban ba ka shawara ba. Bai kama katako da kyau, bayan ɗan lokaci sai ka ga ya ɗago kamar fata, kuma mugun halinsa shi ne yana barin maiƙo wanda daga baya fenti ba ya kamawa ifoksi ba ya kamawa, ko sabon silikon ma bai kama tsohon. Abu biyu nake so. Na farko butil, wata roba ce mai danƙo da ake sayarwa a naɗe kamar kaset, masu rufin kwano da masu haɗa gilashi suna aiki da ita, ba ta bushewa har abada, in ka so cire murfin bayan shekaru za ta saki. Na biyu gam na foliyuretan irin Sikaflex 291. Akwai 3M 5200 shi ma foliyuretan ne amma in ya kama ya kama ke nan, ranar da zoben ya fashe da rana ka so canzawa sai ka ɓaro katakon tare da shi, haka ma baƙin gam ɗin gilashin gaban mota. Kuma ka sani foliyuretan da laimar iska yake bushewa, in da hunturu ka yi aikin zai ɗau lokaci hiye da yadda anka rubuta, kar ka yi gaggawa.

Wajen ɗaurawa ka bar murfin a murɗe cikin zobensa don zoben ya tsaya da'ira. Shafa gam zagaye ba yankewa, har kewayen kowane rami. Ɗaure bulon ɗaya, sai na gabansa ta ɗaya gehen, haka-haka, kaɗan-kaɗan, kuma noti za ka juya daga ciki wani ya riƙe maka kan bulon kar ya motsa, in ya juya ya tsinke gam ɗin da ke wuyansa. Da ka ga gam ya ɓullo ta ko'ina ka tsaya. Masu ƙarhin hannu su ke fasa zoben roba ko su matse gam ɗin duk ya hita ba saura. In butil ne ka dawo bayan kwana biyu ka ƙara ɗan juyi, yana kwanciya a hankali.

Tambaya: Malam ni nawa na gama har mun sa shi ruwa. Na zuba mishi ruwa da bokiti a gida ko ɗigo bai shiga ba, amma duk ranar da munka hita sai in tarar da kamar kofi guda ko biyu na ruwa a akwatin gaba, alhali ba mu kife ba. Kuma in na kwance murfin da rana sai ya yi huci fuuu. Wani abokina ya ce aljanun tabki ne, ni dai ban yarda ba. Ɗalibi, unguwar Zariya.

Amsa: Ƙanena ka gaida abokin naka, ka ce mishi rana ce. Hucin da kake ji shi ne amsar tambayarka. Ka rufe akwatin da sahe iskar ciki tana wajen digiri 25, ka ɗora jirgi a kan mota ko ka bar shi bakin ruwa, a watan Afrilu da Mayu da inuwa ma ke wuce digiri 40, cikin akwati rufaffe mai fenti mai duhu yana iya kai 60. Daga 25 zuwa 60 matsin iskar da anka kulle yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin 100. Kamar ba yawa ko? To a kan allo mai santimita 50 da 50 wannan ya kai turin kilo 300, buhun siminti 6 ke nan suna tura katakon daga ciki. Kahin a kai haka iskar za ta nemi wuri mahi rauni ta huda ta hita, ko ta gehen roba ko ta wata haɗa da ba ta sha gam sosai ba. Sai ka tura jirgin cikin ruwa mai sanyi, iskar da ta rage ta tsuke, akwatin ya koma zuƙa, kuma ta wannan 'yar kafar zai zuƙo duk ruwan da ke kwance a kanta. Shi ya sa bokitinka bai nuna komai ba, a gida babu zuƙa.

Maganin mai sauƙi ne, duk lokacin da jirgi ke tudu murfi a kwance yake, sai an sa shi ruwa ya ɗan huce sannan ka ɗaure. A gida ma cire shi gaba ɗaya ka ɗaura ɗan gidan sauro a bakin ramin saboda zanzaro da ɓeraye, cikin ya sha iska. Wasu suna huda ramin milimita 1 a can saman bangon akwatin don ya riƙa numfashi, ruwan da zai bi ta nan ko an kife bai taka kara ya karya ba, ni ma ina goyon bayan haka a ƙasarmu. Kuma saman jirgin ka mai da shi fari. Baƙi da shuɗi mai duhu suna da kyau a hoto, shi ke nan amfaninsu.

Amma kafar da ta riga ta buɗe sai ka nemo ta, duba amsa ta gaba.

Tambaya: Zan iya kai shi wajen mai faci a hura mishi iska a ga inda ke yoyo? Daga Tibiri.

Amsa: Kai, rufa ma kanka asiri! Tayar mota ana hura ta wajen bar 2, daidai da nauyin ruwa mai zurhin mita 20, injin mai faci kahin ka ce tsaya ya ɓalle maka haɗar akwatin. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, bakinka ya isa. Nemo siririn tiyo mai haske irin wanda magina ke awon daidaito da shi, lanƙwasa shi ya yi kamar harafin U ka zuba ruwa rabi, kai guda ya shiga akwatin ta ramin magudana ko wani rami da za ka toshe daga baya, ka liƙe kewayensa, sai wani tiyon na hurawa. Hura har ruwan gehe guda ya hi ɗayan da santimita 12 da rabi ka toshe da yatsa. Wasu ƙungiyoyin tseren ƙananan jirage a Ingila da wannan awon suke aiki, in cikin daƙiƙa 30 bai sauka hiye da santimita 5 ba akwatin ya ci jarabawa. In ya zube da sauri, kaɗa ruwan omo ka bi da soso a kan zoben, kan kowane bulon da duk wata haɗa, wani na ci gaba da hurawa, inda kumfa ta tashi sa alama da fensir. Kar ka manta toshe ramin numfashi in ka yi shi, in ba haka ba ka wuni kana neman abin da kai ka huda.

Tambaya: Ranka ya daɗe mu ba mu da ɗan uwa a Kwatano. Na zaga shagunan kayan gini ban samu wannan murfin ba. Ba yadda mutum zai ƙera nashi? Ina so ma ya yi girma in riƙa sa abinci da waya a ciki. Mai walda, Sabon Gari.

Amsa: Akwai yadda za a yi, amma bari in fara da ƙarshen maganarka. Ka raba biyu, akwatin ceto daban, ma'ajiyar kaya daban. Wanda kake buɗewa kana rufewa a tsakiyar ruwa don ɗauko ƙuli-ƙuli, ranar da iskar hadari ta taso daga gabas a buɗe za ta same shi. Waya ka sa ta a ƙaramar roba mai murfi ka ɗaure da igiya.

Na akwatin ceto, mahi sauƙi shi ne ka je wajen masu kayan famfo ka nemi marfin duba bututu na PVC mai murɗi, na milimita 100 ko 110, wanda ke da zoben roba a ciki. Ka kankare jikinsa da sanfefa mai kaushi ya yi kirci sosai, ka dasa shi a ramin da ka riga ka shafe da ifoksi, ka zagaye shi da kwaɓin ifoksi mai kauri ciki da waje. Hannu zai matsu amma kwalba da soso za su wuce. PVC bai son rana shekara da shekaru, shafa mishi farin fenti.

Na ma'ajiya mai kusurwa huɗu kuwa, ka tada dakali na katako santimita 2 zuwa 3 kewaye da ramin, manne da ifoksi ba ƙusa kawai ba, murfin kuma ya zama mai leɓe da zai sauko ya rufe dakalin ta waje. Dakalin nan shi ke tare yawancin ruwa tun kahin ya kai ga roba. Murfin ya yi kauri ko ka sa mishi ƙarfafa ta ciki, domin siririn filawud in ka danne shi a gehe biyu tsakiyarsa ɗagawa take. Robar da za ka manna ta zama mai laushi wadda ba ta shan ruwa, gwajin kuwa yanko ɗan guntu ka matse shi cikin kofin ruwa ka hito da shi ka sake matsewa, in ya zubo da ruwa yar da shi. Soson katifa ya faɗi tun nan. Robar ƙofar mota tana yi in ka samu mai rai a wajen masu kayan gwanjo, haɗar bakinta ka sa ta a tsakiyar gehe, kar a kusurwa. Robar cikin taya ta yi tauri ga wannan aikin sai dai in dakalinka ya miƙe tsaf, amma tana da kyau wajen ɗaure murfin ta sama, sai dai rana na cinye ta, duk shekara ka canza. Don ka san ko robar na dannuwa ko'ina, goga alli a kan dakalin ka rufe ka buɗe, inda alli bai hau roba ba nan ƙofar ruwa take.

Kwalta da masu kwale-kwale ke toshe haɗar katako da ita tana yi musu aiki, amma a nan kar ka kawo ta, da rana narkewa take ta ɓata roba, kuma inda ta taɓa ifoksi ya daina kamawa. Filawud ɗin ma ka gwada shi kahin ka saya da yawa, yanki guntu ka tafasa shi awa biyu ko uku a tukunya, in hawa-hawan sun rabu na kabad ne, ba na ruwa ba.

Tambaya: Malam ni uwa ce. Ɗana da abokansa sun haɗa wannan abin, ya ce min wai ba ya nutsewa saboda akwai iska a ciki. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne? Wata uwa daga Maradawa.

Amsa: Hajiya Allah ya ƙara girma, Allah ya raya su. Maganarsa rabin gaskiya ce. In akwatunan na da lahiya jirgin ko ya kife zai tsaya a sama su riƙe shi, amma kifewa kam yana kifewa, ƙaramin jirgi mai zane haka halinsa yake, kuma akwatin ba ya koya ma mutum iyo. Ki kafa mishi sharaɗi. Ya cika akwatunan da kwalaben roba na lita 1 da rabi, busassu, kowace da marfinta a ɗaure tam, guda 40 lita 60 ke nan, ko akwatin ya fashe su ba za su sha ruwa ba. Kowane murfi ya ɗaure shi da siririyar igiya daga ciki don kar ya suɓuce ya tahi. Sannan kahin su yi nisa su kifar da jirgin da gangan a inda ruwa ke iya ƙirji, da babba a tsaye, su bar shi kamar minti 10, su tada shi su kwashe ruwan, su buɗe akwatunan a gaban wannan babban a ga abin da ya shiga. Kowa da rigar ceto a jikinsa a ɗaure, ba a ajiye ƙarƙashin benci ba. Kuma su gaida masuntan wurin su tambaye su, su sunka san inda kututture yake da inda taru ke shimfiɗe da lokacin da ba a shiga. In ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, Hajiya ki sa a kulle zanen a ɗakinki, ni na ɗaure miki gindi.

Tambaya: Murfina ya cije baya kwancewa sai da guduma, in shafa mishi basilin ko giris? Daga Gidan Runji.

Amsa: Ajiye gudumar. Yashi ne da ƙurar hunturu sunka cika zaren, ko kuma ka ɗaure da zahi ya huce ya zuƙe. Zuba mishi ruwa, yanka ɗan katako da zai zauna a cikin maƙalar murfin ka juya da shi a hankali. In ya hita ciro zoben robar ka wanke shi da zaren duka da tsohon buroshin haƙori, ka duba in robar ta tsattsage ko ta baje a canza ta. Basilin da giris ɗin mota daga man fetur anka yi su, suna kumbura wasu robobin su lalata su, tunda ba ka san irin taka ba ka nemi man silikon na masu gyaran famfo, ɗan kaɗan a yatsa har robar ta yi sheƙi kawai, in ya yi yawa shi ma yashi zai tara. Ɗaurewa kuma da hannu, da ka ji robar ta dannu ka ƙara ɗan juyi ka bari.